Saukar Jirgin Sama a Tsakanin Tsaunuka

Gabatarwa

Ranar 28 ga watan Satumba na shekarar 1992, wani jirgin saman fasinja na kamfanin jiragen Pakistan, ƙirar Airbus A300, ya taso daga birnin Karaci ya nufi Katmandu, babban birnin ƙasar Nepal. Injinan jirgin lafiyarsu ƙalau, matuƙansa ƙwararru ne, kuma suna magana da hasumiyar filin jirgin har zuwa mintin ƙarshe. Da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, jirgin yana cikin gajimare, sai ya daki gefen wani tsauni da ke kudu da birnin. Dukkan mutane 167 da ke cikinsa suka rasu. Da masu bincike suka karanta na'urar da ke naɗar bayanan tafiyar jirgin, sai suka tarar bai kauce daga hanyarsa zuwa dama ko hagu ba. Abin da ya faru shi ne ya yi ƙasa da tsayin da aka ƙayyade masa da kimanin ƙafa 1,300.

Irin wannan haɗari, wato lafiyayyen jirgi yana hannun matuƙinsa ya je ya daki tsauni ba tare da matuƙin ya san yana dab da shi ba, ya daɗe yana cikin manyan abubuwan da ke cin rayuka a harkar sufurin sama. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda matuƙi ke sauka a lokacin da ba ya ganin ƙasa, da dalilan da suka sa aikin ya fi tsanani a filayen da tsaunuka suka kewaye, da kuma gyare-gyaren da aka yi bayan wasu sanannun haɗura. A harkar jiragen sama da ƙafa ake auna tsayi, kuma ƙafa ɗaya ta ɗan ɗara santimita 30. Nisa kuwa da mil na teku ake auna shi, wanda ya yi daidai da mita 1,852. Duk inda aka ce mil a nan, shi ake nufi.

Dalilin Dogaro da Na'ura

Wanda ya taɓa zama a Kano ko Maiduguri ko Damagaram a lokacin hunturu ya san yadda hazo kan rufe gari har a kasa hango bishiyar da ke ƙarshen layi. Matuƙin da ya shiga gajimare yana cikin hali irin wannan, sai dai shi yana gudun kilomita 250 ko fiye a cikin awa ɗaya, kuma ba shi da damar rakuɓewa a gefen hanya ya jira gari ya washe.

Mai karatu zai iya zaton cewa ko ido bai gani ba, jiki zai gaya wa mutum ko yana karkace ko yana tafiya sambal. A cikin jirgi wannan zato ba ya aiki. A can cikin kunnen ɗan'adam akwai wasu ƙananan bututu masu lanƙwasa, cike da ruwa, kuma motsin wannan ruwa ne ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Idan jirgi ya karkata a hankali, ruwan ba ya motsawa yadda za a ji. Idan kuma juyin ya ɗauki lokaci, ruwan kan daidaita da bututun, sai mutum ya ji kamar ya daina juyawa alhali yana kan juyawa. A shekarar 1954 an yi wani gwaji a Jami'ar Illinois ta Amurka da matuƙa 20 waɗanda ba su da horon tuƙi da na'ura. Aka hana su ganin waje, aka bar su da jirgi. Dukkansu jirgin ya ƙwace musu, kuma matsakaicin lokacin da suka iya riƙe shi daƙiƙa 178 ne kacal.

Saboda haka ne aka ƙirƙiro na'urorin da za su tsaya a madadin ido. Ranar 24 ga Satumba, 1929, wani hafsan sojan Amurka mai suna Jimmy Doolittle ya tashi daga filin Mitchel kusa da birnin New York, an rufe mazauninsa ruf, ya yi kewaye ya sauka da taimakon na'urori da saƙon rediyo kawai. Daga wannan gwaji ne tuƙi da na'ura ya samo tushe.

Taswirar Sauka da Na'urorinta

Kowane babban filin jirgi yana da taswirorin da ke nuna hanyoyin sauka cikin rashin gani. Taswirar takan nuna alƙiblar da jirgi zai bi, da nisan kowane zango daga filin, da mafi ƙarancin tsayin da aka yarda jirgi ya kasance a kowane zango, da kuma hanyar da zai bi idan ya fasa sauka. Ana zana su ne bisa ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wadda ke da hedkwata a birnin Montreal na Kanada.

Na'urar da aka fi dogara da ita ita ce wadda ake kira ILS a taƙaice, kuma hukumar ta amince da ita a shekarar 1949. Tana da eriya iri biyu. Ta farko tana can ƙarshen titin jirgi, tana aika saƙon rediyo mai ɗauke da sauti biyu, ɗaya mai kaɗawa sau 90 a daƙiƙa, ɗaya kuma sau 150. Sautin farko ya fi ƙarfi a hagu da tsakiyar titi, na biyu kuma a dama. Na'urar da ke cikin jirgi tana gwama ƙarfinsu: idan suka yi kunnen doki, jirgi yana kan tsakiya. Eriya ta biyu tana gefen titi kusa da inda tayoyi ke taɓa ƙasa, tana yin irin wannan aiki ta fuskar sama da ƙasa, ta shimfiɗa wa jirgi gangare mai digiri 3. A kan wannan gangare jirgi yana sauka ƙafa 300 da 'yan kai a kowane mil. Matuƙi yana bin allurai biyu har ya kai ƙafa 200 daga ƙasa. Idan a nan ya ga titi ko fitilunsa, sai ya sauka. Idan bai gani ba, doka ta wajabta masa ya ƙara wuta ya koma sama.

Inda babu ILS, akan yi amfani da tashar VOR, wadda ke gaya wa jirgi ta wace kusurwa yake daga tashar, tare da na'urar DME mai auna nisa. Lissafin DME mai sauƙi ne. Saƙon rediyo yana gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Idan aka raba daƙiƙa ɗaya gida miliyan, saƙon yana cin gida 12.4 kafin ya je mil ɗaya ya dawo. Jirgi kan aika tambaya, tashar ƙasa ta jira gida 50 sannan ta ba da amsa. Alal misali, idan amsa ta iso bayan gida 174, sai a ɗebe 50, saura 124, a raba da 12.4, a sami mil 10.

Babban bambancin shi ne VOR da DME ba sa shimfiɗa gangare. Matuƙi ne zai duba nisa, ya duba taswira, ya duba ma'aunin tsayi, sannan ya sauka mataki-mataki kamar mai saukowa daga bene. Ma'aunin tsayin kuma matsin iska yake aunawa, domin matsin yana raguwa yayin da ake yin sama. Da yake matsin iska yana canzawa daga rana zuwa rana, hasumiya kan gaya wa matuƙi adadin da zai saita. Kuskuren miliba 10 wajen saitawa yana jawo kuskuren kusan ƙafa 280 a tsayin da na'urar ke nunawa.

Abin da Tsauni Ke Canzawa

A filin da ke shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kamar na Kano, jirgi yana da sarari ya miƙe tun daga nesa ya gangaro a hankali. Tsauni yana lalata wannan tsari ta hanyoyi da dama.

Na farko, saƙon rediyon ILS a miƙe yake tafiya, kuma idan ya daki dutse yakan dawo ya gauraya da na asali, har allura ta riƙa rawa ko ta nuna hanyar ƙarya. Eriyar gangare ma tana buƙatar lafiyayyen fili a gabanta, domin da ƙasar take haɗuwa ta samar da gangaren. A wasu filayen tsaunuka babu inda za a kafa ta.

Na biyu, miƙaƙƙen layin da ya fito daga titin jirgi sau da yawa cikin dutse yake ƙarewa. Filin Innsbruck na ƙasar Ostiriya misali ne. Yana cikin kwarin Kogin Inn, kimanin ƙafa 1,900 daga doron teku, kuma tsaunukan da suka haura mita 2,000 sun sa shi tsakiya. Don haka aka karkatar da hanyar rediyon ta bi tsawon kwarin, ba ta yi daidai da titin ba, kuma gangarenta ya kusa digiri 3.8. Matuƙi yana bin ta har ya fito ƙarƙashin gajimare, sannan ya daidaita jirgin da titi da idonsa. Ranar 29 ga Fabrairu, 1964, wani jirgin kamfanin British Eagle da ya taso daga London ya daki tsaunin Glungezer yana neman sauka a wannan fili, mutane 83 suka rasu. Kamfanoni ba sa tura matuƙi Innsbruck sai ya sami horo na musamman a kan filin.

Na uku, akwai batun fasa sauka. Ƙa'idar da ake zana hanyar fasawa da ita ta ɗauka cewa jirgi zai hau mita 25 a kowace kilomita ɗaya da ya ci. Idan akwai tsauni mai tsayin mita 600 a kilomita 10 gaba da filin, jirgin da ke hawa da wannan ƙima zai kasance a mita 250 kawai idan ya isa wurin. Mai zana taswira dole ya sa jirgin ya juya cikin kwari, ko ya buƙaci hawa mai ƙarfi wanda jirgi zai iya yi ko da inji ɗaya ya mutu, ko kuma ya ɗaga tsayin da matuƙi zai yanke shawara. Wannan ne ya sa gajimaren da ba zai hana sauka a wani fili ba yakan sa jirage su karkata zuwa wani gari idan filin na tsaunuka ne.

Na huɗu, iskar tudu ba ta da kauri. Gudun jirgi na haƙiƙa yana ɗara wanda na'ura ke nunawa da kimanin kashi 2 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000, inji kuma ƙarfinsa yana raguwa. Faɗin da'irar da jirgi ke yi wajen juyawa yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa: idan gudu ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, faɗin juyin zai ƙaru da kashi 21. A cikin ƙuntataccen kwari wannan ƙari yana iya cinye ɗan sararin da ya rage.

Na biyar, sanyi yana yaudarar ma'aunin tsayi. Iska mai sanyi a takure take, don haka jirgi yakan kasance ƙasa da abin da na'ura ta nuna, da kimanin kashi 4 cikin ɗari a kowane digiri 10 da sanyi ya zarce na ƙa'ida. Jirgin da na'urarsa ta ce yana ƙafa 3,000 sama da fili, a ranar da sanyi ya zarce ƙa'ida da digiri 25, yana kusan ƙafa 2,700 ne. Bugu da ƙari, iska mai ƙarfi idan ta haye tsauni takan gangaro ta ɗaya gefen da ƙarfi, ta danna jirgi ƙasa. Saboda waɗannan dalilai, tazarar ƙafa 1,000 da ake bari tsakanin jirgi da abu mafi tsayi a kan hanyarsa akan ninka ta zuwa ƙafa 2,000 a yankin tsaunuka.

Akwai filayen da matsalar ta kai har ba a barin jirgi ya ƙarasa sauka sai da ido. Filin Paro na ƙasar Butan yana ƙafa 7,300 da ɗoriya daga doron teku, a cikin kwari mai lanƙwasa. Da rana kawai ake sauka a can, kuma matuƙan da aka ba izinin yin haka ba su da yawa.

Haɗura Biyu a Katmandu

Filin jirgin Katmandu yana kimanin ƙafa 4,390 daga doron teku, wato bai fi na Jos da ke Heipang tsayi sosai ba. Sai dai filin Jos yana kan buɗaɗɗen tudu, shi kuwa na Katmandu yana cikin kwari mai siffar ƙwarya. A arewa akwai tsaunukan Himalaya, a kudu kuma jerin tsaunukan Mahabharat. A shekarar 1992 filin ba shi da ILS, ba shi kuma da na'urar rada, wato ma'aikacin hasumiya ba ya ganin jirgi a allo, abin da matuƙi ya faɗa masa ta rediyo kawai ya sani.

A wancan lokacin, hanyar sauka daga kudu tana farawa a mil 41 daga tashar VOR, a tsayin ƙafa 15,000. Daga nan jirgi zai sauko ta matakai bakwai. A mil 16 ya kasance a ƙafa 11,500, a mil 10 kuma a ƙafa 9,500, domin a nan ne zai haye bakin ƙwaryar. Bayan ya haye, sauran ƙafa 5,100 ya sauke a cikin kimanin mil 10, wato ƙafa 500 a kowane mil, gangaren da ya kusa digiri 5. Babban jirgi ba ya iya irin wannan gangarowa sai ya buɗe ƙarin fukafukansa tun da wuri domin su rage masa gudu.

Ranar 31 ga Yuli, 1992, cikin ruwan damina, wani jirgin kamfanin Thai Airways ƙirar Airbus A310 ya iso daga Bankok. Ƙarin fukafukansa suka ƙi buɗewa da farko. Kafin matuƙan su shawo kan matsalar, jirgin ya riga ya matso filin kuma yana sama ƙwarai, don haka kyaftin ya nemi komawa mafarin hanya ya sake gwadawa. Aka yi ta rashin fahimta tsakaninsa da hasumiya, su kuma matuƙan hankalinsu ya koma kan shigar da bayanai a kwamfutar jirgin. Jirgin da ya kamata ya yi rabin juyi ya fuskanci kudu, sai ya yi cikakkiyar da'ira ya sake fuskantar arewa, ya wuce filin. Tsayin ƙafa 11,500 da yake kai ya wadatar a kudu, amma bai wadatar a arewa ba. Da na'urar gargaɗi ta yi ƙara, kyaftin ya ɗauka ƙarya take yi, domin a zatonsa suna kudu da birnin. Jirgin ya daki dutse a gandun Langtang, fiye da mil 20 arewa da filin. Mutane 113 suka rasu.

Bayan kwana 59 sai ga haɗarin jirgin Pakistan da aka ambata a farko. Na'urar naɗar bayanai ta nuna cewa matuƙan sun riga taswira da mataki ɗaya. A mil 16 suna ƙafa 10,500 maimakon 11,500. A mil 10 suna ƙafa 8,200 maimakon 9,500. Wato a kowane zango suna kan tsayin da aka tanada wa zango na gaba. Jirgin ya daki tsaunin a kimanin ƙafa 7,300. Masu bincike sun ɗora babban alhakin a kan matuƙan, amma sun kuma nuna cewa taswirar tana da wuyar karantawa, hanyar kanta ta cika sarƙaƙiya, kuma ma'aikatan hasumiya ba su saba tuhumar matuƙi a kan tsayinsa ba. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1990, aka kafa rada a Katmandu da taimakon ƙasar Japan.

Haɗarin Kali da Na'urar Gargaɗi

Dukkan jiragen biyu suna ɗauke da na'urar gargaɗin kusantar ƙasa, wadda wani injiniya haifaffen Kanada mai suna Don Bateman ya yi fice wajen ƙera ta. Amurka ta wajabta ta ga manyan jiragen fasinja bayan wani jirgin kamfanin TWA ya daki tsauni a jihar Virginia a watan Disamba na 1974, mutane 92 suka rasu. Na'urar ta rage irin wannan haɗari ƙwarai, amma tana da rauni ɗaya: ƙasa kawai take kallo. Tana aika saƙon rediyo ƙarƙashin jirgi, ta auna yadda ƙasa ke matsowa. Idan tsaunin a tsaye yake kamar bango, kafin ta ankara an riga an iso shi.

Wannan rauni ya fito fili a ƙasar Kolombiya ranar 20 ga Disamba, 1995. Wani jirgin kamfanin American Airlines ƙirar Boeing 757 ya taso daga Miami zuwa birnin Kali, wanda ke cikin dogon kwari tsakanin jerin tsaunuka biyu. Dare ne, kuma radar filin ba ta aiki tun da 'yan tawaye suka lalata ta a 1992. Hasumiya ta ba matuƙan zaɓin gajeruwar hanya, suka karɓa, suka buɗe birkin iska domin su sauko da sauri. Suna so su nufi wata tashar rediyo mai suna Rozo, wadda alamarta a taswira harafin R ce. Da aka danna R a kwamfuta, sai ta kawo wata tasha daban mai suna Romeo da ke kusa da Bogota, aka karɓa ba tare da an duba ba. Jirgin ya juya hagu ya fita daga kwarin yana ci gaba da sauka. Kafin matuƙan su gane su juyo, akwai tsauni tsakaninsu da filin. Na'urar gargaɗi ta yi ƙara kimanin daƙiƙa 12 kafin karo. Suka ƙara wuta suka ɗaga hancin jirgi, amma birkin iska yana nan a buɗe. Daga cikin mutane 163, huɗu ne suka tsira.

Bayan wannan haɗari aka gaggauta fito da ingantacciyar na'ura, wadda ta fara aiki a 1996. Tana ɗauke da taswirar tuddai da tsaunukan duniya a cikin ƙwaƙwalwarta, tana sanin inda jirgi yake, sannan ta lissafa inda zai kasance nan gaba kaɗan. Takan yi gargaɗi tun saura kusan minti ɗaya, ta kuma zana tsaunukan a allo, masu haɗari da ja. Amurka ta kafa dokar wajabta ta a shekarar 2000, aka ba kamfanoni wa'adi zuwa 2005. Amfaninta ya dogara ga matuƙi ya gaskata ta. A watan Mayu na 2012 wani jirgi ƙirar Sukhoi Superjet ya daki tsaunin Salak a Indunusiya, mutane 45 suka rasu, bayan matuƙansa sun kashe gargaɗin bisa zaton na'urar ce ta sami matsala.

Hanya Mai Lanƙwasa

Gyara na biyu ya zo ne daga taurarin ɗan'adam na tsarin GPS, wanda ya kammala fara aiki a 1995. Tun da jirgi zai iya sanin inda yake ba tare da tashar ƙasa ba, babu dalilin da zai sa hanyar sauka ta zama miƙaƙƙiya. Ana iya zana ta tana lanƙwasa tana bin kwari kamar yadda kogi ke bi, da gangare guda ɗaya tun daga sama har titi. Ana kiran wannan tsari RNP. A mafi tsananin matakinsa, dole jirgi ya kasance cikin kashi ɗaya bisa goma na mil daga tsakiyar hanya, wato mita 185, a kashi 95 cikin ɗari na lokacin tafiya. Har wa yau, dole na'urar jirgin ta riƙa sa ido a kan kanta, ta sanar da matuƙi nan take idan ta daina tabbatar da inda take, shi kuma ya fasa sauka.

Kamfanin Alaska Airlines ne ya fara amfani da wannan tsari a 1996 a garin Juneau na jihar Alaska, inda hanyar ke bin wani siririn mashigin ruwa tsakanin tsaunuka. A wannan gari ne wani jirgin kamfanin ya daki tsauni a 1971, mutane 111 suka rasu. Katmandu ta sami irin wannan hanya a 2012. Ba kowane jirgi ne ake bari ya bi ta ba. Sai hukuma ta tantance jirgin da kamfanin, kuma matuƙan sun yi atisaye a na'urar kwaikwayon tuƙi. Ko a hanyoyin VOR ma, yanzu ana koya wa matuƙa su lissafa gangare guda ɗaya su bi shi, a maimakon saukar mataki-mataki.

Sabon tsarin yana da nasa sharuɗɗa. Lambobin da aka zuba a kwamfuta dole su zama daidai, saitin matsin iska dole ya zama daidai, kuma ana iya toshe saƙon GPS ko a gurɓata shi. Ranar 4 ga Maris, 2015, wani jirgin kamfanin Turkish Airlines ƙirar Airbus A330 ya bi sabuwar hanyar Katmandu da safe cikin hazo mai kauri. Bincike ya nuna cewa akwai ɗan kuskure a lambobin da ke nuna bakin titin, kuma matuƙan sun ci gaba da sauka alhali ba sa ganin titin yadda doka ta tanada. Jirgin ya taɓa ƙasa a gefen hagu ya zarce cikin ciyawa. Babu wanda ya rasu, amma an rufe filin na tsawon kwanaki kafin a janye jirgin.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa matuƙin da ke sauka cikin gajimare tsakanin tsaunuka yana riƙe ne da lambobi biyu a kowane lokaci, wato nisansa daga fili da tsayinsa, kuma dole su dace da abin da taswira ta ce. A Katmandu, jirgi ɗaya ya ɓace ta fuskar alƙibla, ɗayan ya yi kuskuren mataki. A Kali, harafi ɗaya aka danna ba a duba ba. Saboda haka horon matuƙa a yau ya nanata cewa su biyun su tabbatar da kowane tsayi da kowane bayani da aka shigar a kwamfuta da babbar murya, ƙarami ya tuhumi babba idan ya ga kuskure, kuma idan na'ura ta ce a hau sama, a hau tukuna sannan a yi bincike.

Malaman kimiyya za su tarar cewa kusan duk lissafin da ke cikin wannan aiki yana cikin manhajar sakandare: gudu da nisa da lokaci, matsin iska, kusurwa da gangare. Ana iya ba ɗalibai tsayin filin Katmandu da tsayin zangon mil 10, a ce su fitar da kusurwar gangaren da kansu, sannan su gwada ta da digiri 3. Ɗalibin da ke sha'awar fannin kuwa, a Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, ana horar da matuƙa da ma'aikatan hasumiya da injiniyoyin da ke kula da waɗannan na'urori, kuma sai da kyakkyawan sakamako a lissafi da kimiyyar fizik ake shiga.